Aikin yanar ido ba tare da maganin ɗigawa ba: me aka sauke mana, me ya rage a wuyanmu?

Ranar da aka sallami Kawu daga asibiti bayan an cire masa yanar idon dama, da 'yar leda muka fito, cikinta ƙananan kwalabe uku da takarda guda. Nas ta yi bayani da Turanci, ni kuma ina juya masa da Hausa. Wannan sau huɗu a rana har mako guda. Wannan sau huɗu a makon farko, sau uku a na biyu, a yi ta ragewa har wata ya cika. Na ukun sau uku kullum. A bar minti biyar tsakanin kwalba da kwalba, a wanke hannu da sabulu, kada bakin kwalba ya taɓa ido. Kawu ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "To ɗan nan, wa zai riƙa ɗiga mini?"

Ban sami amsa ba a lokacin. Shekarunsa sun haura saba'in, fiye da rabinsu a kasuwar goro ta Agege ya yi su. Iyalinsa suna gida Arewa, hannunsa yana rawa, idon hagun ma yana ta fara cinye shi. Ni ina Ketu, ga aiki, kuma duk wanda ya san gosulon Ikko ya san zuwa Agege sau huɗu a rana ba abu ne mai yiwuwa ba. Wani mai shayi maƙwabcinsa, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ɗauki na safe da na dare. Na rana kuwa Kawu ne da kansa, rabi a ido rabi a kumatu. Kwalbar da aka ce za ta yi wata ta ƙare kafin mako biyu. Daga baya na zauna na haɗa lissafin abin da takardar ta nema: ɗigo 28 na kwalbar farko, 70 na ta biyu, 84 na ta uku. Ɗigo 182 ke nan a wata ɗaya, a hannun dattijon da bai taɓa ɗiga wa kansa komai a ido ba in ban da tozali.

Shi ya sa da lokacin idon hagu ya matso, wani daga cikin abokan zamansa ya zo da labarin wai yanzu akwai aikin da ake yi a tashi ba a ɗiga komai, sai na ɗauki maganar da muhimmanci. Na karanta, na yi wa likita tambayoyi. Labarin gaskiya ne, amma yadda yake yawo a bakin mutane an yanke masa rabi, kuma rabin da aka yanke ɗin shi ne wanda zai iya cinye ido.

Sai mun fara sanin abin da ake cirewa kafin mu gane amfanin kwalaben. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, bai wuce girman ƙwayar wake ba, shi ke tattara haske ya aika da shi tantanin da ke can bayan ido. Idan shekaru suka ja sai ya fara dusashewa, kamar yadda ruwan ƙwai ke komawa fari idan ya ji wuta. Ciwon suga yana gaggauta abin, haka buguwa a ido, haka yawan amfani da magungunan siteroyid, masu kwantar da kumburi. Sunan "yana" da kuma yadda muke cewa "wankin ido" suna sa wasu su zaci wata fata ce ta rufe ido daga waje, wadda za a iya kankarewa ko a narkar da zuma ko wani ruwan magani. A ciki take, kuma har yau babu maganin sha ko na ɗigawa da ke kawar da ita. Sai tiyata.

Likita kan yi 'yar ƙofa a gefen baƙin ido, ya fitar da madubin da ya dusashe, ya bar jakarsa, ya saka na roba a ciki. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara dasa irin wannan madubi a Landan a 1949. Hanya biyu aka fi bi yanzu. Akwai ta na'ura da ake kira fako, wadda Charles Kelman ya ɓullo da ita a Amurka a 1967: na'urar tana farfasa yanar ta zuƙe ta wata ƙofa da ba ta kai milimita 3 ba. Akwai kuma ta hannu, ƙofarta ta ɗan fi faɗi, galibi ba a ɗinki, ta fi araha, ita aka fi yi a gangamin aikin ido kyauta. (Tunanin zuƙe yana ta allura mai rami tsoho ne: likitan nan Ammar al-Mausili ya rubuta shi wajen shekara dubu da ta wuce.) Aikin kansa bai cika wuce rabin awa ba, mutum idonsa biyu, wurin kawai ake kashewa.

Da an rufe ido da auduga, abu biyu likita ke tsoro. Na farko ƙwayar cuta ta bi ƙofar nan ta shige cikin ido ta yi mugunya. Ba ya yawan faruwa, amma in ya faru ido na iya tafiya cikin kwana biyu ko uku. Na biyu kumburi. Duk inda wuƙa ta taɓa a jiki sai ya harzuƙa, ido kuwa in ya harzuƙa yakan yi ja, ya yi zafi, ya ƙi haske, wani lokaci ruwa ya taru a tsakiyar tantanin baya, daidai wurin da mutum ke karatu da gane fuska da shi. Kwalaben nan uku maganin waɗannan biyun ne: ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya siteroyid mai kwantar da kumburi, na ukun wani mai kwantar da kumburin ne da ba siteroyid ba.

Dabarar da ake magana a kai ita ce likita ya saka waɗannan magunguna da hannunsa tun mutum yana kwance a ɗakin tiyata, ido a kashe, maimakon ya sallame shi da leda. Maganin bai ragu ba. Hannun da ke saka shi ne ya canza.

Ɓangaren kashe ƙwayoyin cuta shi ne mai ƙwaƙƙwarar hujja. Ƙungiyar likitocin yanar ido ta Turai ta yi wani babban gwaji a kan mutum fiye da 16,000, sakamakonsa ya fito a 2007. Sun gano cewa zuba miligiram 1 na maganin sefuroksim a cikin ido a ƙarshen aiki ya rage mugunyar cikin ido kusan ninki biyar. A Suwidin, inda wannan ya zama al'ada kuma ba a saba bai wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta na ɗigawa bayan aiki ba, rijistarsu ta ƙasa ta nuna kusan mutum 3 cikin 10,000 ne kawai ke kamuwa. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na asibitocin Aravind da ke kudancin Indiya, inda talakawa ke tururuwa kuma ake yawan yin aikin hannu irin na gangaminmu. A rahoton da suka fitar a 2017 kan aiki fiye da 600,000, zuba wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna moksifuloksasin a cikin ido ya sauko da mugunyar daga kusan 7 cikin 10,000 zuwa 2 cikin 10,000. Dalilin a fili yake. Abin da aka ɗiga a waje, hawaye na wanke mafi yawansa kafin ya ratsa. Abin da aka zuba ciki kuwa ya riga ƙwayar cutar isa wurin. Kafin duk wannan ma akwai wanke ido da gefensa da ruwan ayodin kafin a fara aiki, wanda ba a yin sakaci da shi ko wace hanya aka bi.

Ɓangaren kumburi ne ke da sarƙaƙiya, domin shi ba maganin yini ɗaya yake so ba, na makonni ne. Dole a nemo hanyar da za a ajiye magani a ido ya riƙa narkewa a hankali. Mafi sauƙi da araha ita ce allurar wani siteroyid mai suna tirayamsinolon a ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido. Yakan zauna kamar ɗan farin tabo a ƙarƙashin fatar ido, ya yi makonni yana aiki. A Amurka, wajen 2014, wani kamfani ya yi fice da haɗin da ya kira Tri-Moxi, siteroyid da maganin kashe ƙwayoyin cuta a allura guda, ana tura shi can cikin ruwan bayan ido. Daga nan sunan "aiki ba ɗigo" ya bazu. A 2018 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da wasu siteroyid guda biyu: Dexycu, wanda ake ajiyewa a bayan baƙin ido, da Dextenza, wani ɗan mitsitsin abu da ake cusawa a ƙofar hawaye ta gefen hanci, ya yi kusan kwana 30 yana sakin magani sannan ya narke. Waɗannan biyun masu tsada ne ƙwarai. Idan likita a Legas ya yi maka maganar aiki ba ɗigo, ka tambaye shi wace hanya yake nufi, domin kowace da nata hali.

Amfanin ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa jinyar tsoho. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2014 ya sa ido a kan mutanen da aka yi wa aikin yana waɗanda ba su saba ɗiga magani ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 sun yi kuskure. Wani ya kuskure idon, wani ya zuba fiye da ƙima, wani ya goga bakin kwalba a gashin ido, wani bai wanke hannu ba. Wannan a ƙasar da ke da ruwan famfo a kusan kowane gida kuma yawancin mutane na karanta takardar asibiti. Sai ka kwatanta da maigadin da ke kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa a Lekki, ko ɗan dako a Mile 12, ko mahauci a Abbatuwa, ko gyatumar da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo wa ɗanta a Idi-Araba don a yi mata aiki, ɗan ya fita tun asuba sai bayan isha'i. Da yawan mutanenmu a Ikko zaman neman abinci suke yi, ba mata ba 'ya'ya a kusa. Irin su ne aka fi jin tsoron kwalba a hannunsu.

Ga kuma kuɗi da ingancin abin da ake saye. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, kamfanin magani na GSK kuma ya sanar da tattara nasa-ya-nasa daga Nijeriya a Agustan shekarar, kowa ya ga yadda farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Mai ƙaramin ƙarfi in aka rubuta masa kwalba uku, sau da yawa ɗaya yake saye, ko ya nufi kemis ya ce a ba shi "mai kama da shi". Jabun magani kuwa ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Idumota tare da ta Onica da ta Aba saboda shi. Maganin da ya fito daga ma'ajiyar asibiti ya shiga ido a gaban likita ya tsallake duk wannan.

Akwai wani amfanin da takardun Turawa ba su cika kawowa ba, amma a wurinmu babba ne: azumi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi muddin mutum bai haɗiye abin da ya sauko maƙogwaro ba. Amma mu nan mafi yawanmu karatun Malikiyya muka tashi da shi, inda aka sani cewa abin da ya bi ta ido ya isa maƙogwaro yana ɓata azumi. Dattijon da ya ɗiga magani da hantsi ya ji ɗaci a wuya ba zai sake ɗigawa ba sai an sha ruwa, kuma ba zai gaya wa likita ba. Ɗigo huɗun da aka raba wa yini sai su dunƙule tsakanin magariba da sahur. Hukuncin na malamai ne, kowa ya tambayi nasa, kuma mara lafiya yana da rangwame a shari'a. Likitoci kan koyar da a danne kusurwar ido ta gefen hanci na minti ɗaya zuwa biyu bayan ɗigawa, hakan na rage abin da ke gangarawa wuya. Sai dai wanda aka saka wa maganinsa tun a ɗakin tiyata ya huta da wannan waswasi gaba ɗaya.

Yanzu ga rabin da aka yanke.

Siteroyid yana da wani hali: a idon wasu mutane yana toshe magudanar ruwan ido, matsin cikin ido ya hau. Ma'aunin lafiya yana tsakanin 10 da 21. Kusan mutum ɗaya cikin uku matsinsa kan ɗan tashi in ya yi makonni yana amfani da siteroyid, a wasu 'yan kaɗan kuma yakan yi mummunan tashi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne galibi ba ya ciwo. Mutum yana murna ya ga gari ya waye masa, alhali jijiyar ganinsa tana mutuwa a hankali, kuma abin da ya mutu a jijiyar nan ba ya dawowa. In da kwalba ce, likita na aunawa ya ga ya hau sai ya ce a ajiye ta ko a canza. Wanda aka riga aka zuba ciki kuwa babu ajiyewa. Na ƙarƙashin fatar farin ido ana iya yankawa a cire ragowar, amma wani aikin ne kuma. Na can cikin ruwan bayan ido sai dai a jira ya ƙare, ana danne matsin da wani magani, wanda shi ma na ɗigawa ne.

Wannan ya fi shafarmu fiye da Bature. Ciwon hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, ya fi yawa a baƙar fata, ya fi saurin farawa, ya fi saurin makantarwa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, gilakoma ke bi mata da kusan kashi 17. Arewa maso gabas ta fi ko'ina yawan makanta da kashi 6.1, kudu maso yamma inda Legas take ta fi ƙaranci da kashi 2.8. Mafi yawan masu gilakoma ba su san suna da ita ba. Ke nan tsohon da ya zo daga Arewa, ba a taɓa auna masa matsin ido ba, a danginsu akwai wanda ya makance ba a san dalili ba, shi ne wanda ya kamata a fi yin taka-tsantsan kafin a ajiye masa siteroyid mai dogon zango a ido.

Na biyu, ba kowa allurar ke isarsa ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa ido mai duhun launi irin namu ya fi saurin harzuƙa bayan aiki, haka idon mai ciwon suga, haka wanda yanarsa ta daɗe ta yi tauri har aikin ya ɗauki lokaci, wanda shi ne halin yawancin tsofaffinmu da ba sa zuwa asibiti sai sun daina gane kuɗi a hannu. A irin waɗannan, maganin da aka ajiye kan ƙare kumburi bai gama kwanciya ba, sai a koma ga kwalba. Ba gazawar likita ba ce, kuma kada wanda aka ce wa "ba ɗigo" ya ga an rubuta masa magani daga baya ya ce an yaudare shi ya ƙi saye. Wanda kuma dama yake ɗiga maganin gilakoma zai ci gaba da abinsa. Alƙawarin bai shafi wannan ba.

Na uku, haɗin da ake turawa cikin ruwan bayan ido fari ne kamar madara. Kwanakin farko mutum kan ga hazo da baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar ƙudaje. Yana washewa, amma in ba a gaya wa mutum tun farko ba zai ɗauka an ɓata masa ido, kuma labarin da zai kai gida shi ne zai hana wasu goma zuwa asibiti.

Na huɗu ya shafi wanda ya haɗa maganin. Cikin ido ba ya yafe kuskure. A 2017, a birnin Dalas na jihar Teksas, mutum fiye da 40 sun sami lahani a ganinsu bayan an yi musu allurar haɗin siteroyid da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda wani kantin haɗa magani ya haɗa ba daidai ba. A shekarar dai FDA ta yi gargaɗi kan zuba wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna bankomaisin a ido don rigakafi, saboda wani ciwo da ba ya yawan faruwa amma yana toshe jijiyoyin jinin tantanin baya ya makantar. Shi kansa sefuroksim, in aka kuskure wajen sirka shi ya yi ƙarfi, yana kumbura tantanin. Shi ya sa a Turai aka fitar da Aprokam a 2012, wato sefuroksim ɗin da aka auna tun daga masana'anta don ido kawai. In a Amurka irin kuskuren Dalas ya faru, to mai neman aiki a nan yana da haƙƙin ya tambayi likita: wane magani za ku zuba, kuma daga ina ya fito? Likitan ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya.

Amma duk cikin waɗannan, abin da ya fi hana ni barci ba magani ba ne, halinmu ne. Kwalba, duk da wahalarta, tana tuna wa mutum sau huɗu a rana cewa shi majinyaci ne. In aka ɗauke ta, mutum ya buɗe ido washegari ya ga ganyen bishiya ɗaiɗai, ya karanta Alƙur'aninsa ba tare da jika ya ja masa baƙi ba, me zai zaunar da shi a Ikko? Ɗakin da yake ciki na aro ne, abinci da tsada, ga gona ko biki na jira. Kwana uku sai ka ji ya hau mota a tashar Agege, ko ya bi tirelar da ta sauke shanu za ta koma. Tafiyar kwana da yini cikin ƙura, zuwa garin da babu na'urar auna matsin ido sai an yi wata tafiyar. Matsin nan kuwa ba ranar farko ya fi hawa ba, sai bayan mako biyu, uku, har shida. Nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Don haka dawowa asibiti ba ta ragu ko da kwana ɗaya ba. Washegarin aiki, bayan mako guda, bayan kamar wata guda, da duk ranar da likita ya ƙara. In tafiya ta zama dole, a karɓi takarda daga likita mai bayyana maganin da aka zuba da ranar da aka zuba shi, a kai wa likitan ido a can: Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA ko na Makka a Kano, ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa. Mu da ke nan Legas ba mu da uzuri. Ga cibiyar ido ta Guinness a asibitin koyarwa na LUTH cikin Idi-Araba, a tsakiyar unguwar Hausawa, ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, tafiyar mota ɗaya daga Agege. Sauran dokoki ma suna nan daram. Ba murza ido, ba tozali, ba barin ruwan wanka ko na alwala ya shiga ido sai likita ya ba da izini, a kwana da marufin da aka bayar, a tambayi likita yaushe za a koma sujada da ɗaukar kaya mai nauyi. Idan kuwa ido ya fara ciwo mai ƙaruwa, ko jansa ya ƙaru, ko ganin da ya washe ya fara komawa baya, ko kwantsa ta yi yawa, wannan ba abin jiran ranar da aka rubuta ba ne. A tafi a ranar, ko da dare ne.

Zan ƙara abu ɗaya saboda na san wasu za su ji wannan jerin haɗurra su ce gara na gargajiya. Binciken ƙasan nan da na ambata ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa don yana a Nijeriya, masu tura yana na gargajiya ne suka taɓa su, waɗanda ke soka tsinke su tura madubin ya faɗa cikin ido, kuma abin ya fi yawa a Arewa. Kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu makafi aka same su. Aikin asibiti, da ɗigo ko babu, ba a haɗa shi da wannan ko kusa.

A ganina dabarar nan rahama ce, kuma an fi bukatarta a Agege da Mile 12 fiye da inda aka ƙirƙiro ta. Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ido ya kamata duk mai zuwa aiki ya tambaya ko ana yi. Ajiye siteroyid mai dogon zango kuwa shawara ce ta mutum ɗaya-ɗaya, bayan an auna matsin ido, an duba jijiya, an tambayi tarihin dangi, an kuma tabbatar mutumin zai dawo.

Da muka koma don idon hagu, na zayyana wa likita duk wahalar da aka sha a na dama. Ta auna matsin idon Kawu, ta leƙa jijiyar, sannan ta tambaya ko akwai makaho a danginsu. Na juya masa. Ya ce yayansu da ya rasu ya makance tun bai tsufa ba, idonsa garau ba yana, ba a taɓa sanin dalili ba. Likitar ta ajiye biro ta ce ba za ta ajiye masa siteroyid a ido ba. Za ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, ta sallame shi da kwalba ɗaya tak, wadda za ta iya tsayarwa duk ranar da ma'auni ya nuna wani abu.

Kwalba ɗaya mai shayi ya iya da ita, na rana kuma wani almajiri da ke karatu a masallacin layin ya karɓa bayan na koya masa wanke hannu da riƙe kwalba. A kwana na biyar Kawu ya kira ni a waya, muryarsa cike da murna, ya ce ya ga lambar motar da ke tsallaken titi, kuma an sa ranar auren jikarsa, gobe zai kama hanya.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Likita ta ce sai ta sake aunawa ranar Talata, sannan bayan mako uku. Ku bari mu cika mata."

Ya yi shiru, ya ce, "Ido ya warke fa, ɗan nan."

Na ce, "Ya washe dai, Kawu. Warkewa ita za ta faɗa."

Aka ɗaga bikin da mako huɗu. Ranar aunawa ta ƙarshe ma'aunin ya nuna 16 a dama, 17 a hagu, likita ta rubuta masa tabaran karatu da takardar da zai kai Kano bayan wata shida. Da yammacin ranar na raka shi tasha.